Wanda ya isa ya ce kada a shiga ruwa yau

Bidiyon bai kai daƙiƙa ashirin ba. Ana ganina tsaye a kan wani baƙin dutse, sanye da hular kwano da rigar ruwa, na harɗe hannuwa a ƙirji, na daka tsalle na faɗa kogi, can sai ga ni na ɓullo ina tari ina dariya. Na tura shi zauren WhatsApp na danginmu da zaton za a yi raha a wuce, amma kafin in idar da sallar Isha'i saƙonni sun haura talatin. Wata ƙanwata ta ce ƙoshi ne yake damuna, wani yayana ya ce zama da Turawa ya fara taɓa ni, sannan kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya aiko da saƙon murya yana cewa: "Ɗana, kai da iyali, kai da karatunka, ka rasa abin da za ka yi da ranka sai ka kai shi kasuwa? Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba."

Faɗan kawu haƙƙinsa ne, kuma na karɓe shi da ladabi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, shi wannan kawun nawa duk ranar kasuwa yakan tsallaka gulbi a kwalekwale ɗaya da babura da buhunan hatsi da awaki, ruwa yana lasar bakin jirgin, yaro yana kwarfewa da gwangwani, babu mutum ɗaya a ciki da yake riƙe da ko jarkar da za ta ɗaga shi idan abin ya kife. Shekara da shekaru yana wannan fiton, kuma ban taɓa jin an kira shi ganganci a zaurenmu ba.

Ra'ayina, tun kafin a yi nisa, shi ne shiga kogi don nishaɗi a bayan ƙwararren jagora, da cikakkun kayan kariya, abu ne da ya kamata matashin da ya samu hali ya gwada, kuma a ganina ya fi yawancin hulɗar da muke yi da ruwa a gida hankali. Amma ina da sharaɗi guda, wanda idan babu shi na koma bayan kawu: dole jagoran ya zama mutumin da ya isa ya dubi sama ya ce yau ba a shiga, maganarsa kuma ta zauna ko da an riga an karɓi kuɗin jama'a.

Abin da aka yi a ruwan

Wurin shi ne kwazazzabon kogin Alkantara, a gabashin tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, a gindin dutsen Etna mai aman wuta ta ɓangaren arewa. Wani gajeren kwas ne ya kai ni birnin Kataniya, abokan karatu suka ja ni a ranar hutu. Narkakken dutsen da ya malalo a zamanin da can shi ne ya tare hanyar kogin, da ya huce sai ya tsattsage ya zama ginshiƙai masu kusurwa biyar da shida, kamar an jera itacen girki a tsaye da a kwance, ruwa kuma ya yi dubban shekaru yana cin sa har ya fafe wata siririyar hanya wadda a wasu wurare faɗinta bai wuce taku biyar ba, bangayenta kuwa sun haura mita 20. Sunan kogin ma Larabci ne, ma'anarsa gada, ragowar zamanin da Musulmi suka mulki tsibirin daga ƙarni na 9 zuwa na 11.

Italiyawan da sunan Ingilishi suke kiran wasan, ni dai zan kira shi bin ruwa da jiki, domin babu kwalekwale, babu filafili, jikin mutum shi ne jirginsa. Ana ba ka riga ta roba mai kauri da take manne wa jiki daga wuya har idon sawu, saboda ruwan yana da sanyi mai ratsa ƙashi ko a tsakiyar watannin zafi, a ɗora maka rigar ruwa mai hana nutsewa, a ɗaure maka hular kwano a haɓa. Daga nan ku bi jagora cikin kwazazzabon, wani wuri ku taka, wani wuri ku yi iyo, wani wuri ku kwanta ruwa ya tafi da ku, wani wuri kuma ku hau dutse ku yi tsalle.

Kusan rabin sa'a jagoran ya tsare mu a bakin ruwa yana bayani, ni kuwa ina ta hamma a zuci, don a Wudil na tashi, kuma tun ban kai shekara goma ba nake alkafura a kogi. Dokar da ya fi nanatawa ita ce: idan ruwa ya ɗauke ka, ka kwanta rigingine, ƙafafu a gaba, ka ɗaga su har kana ganin yatsunka, kada kuma ka kuskura ka miƙe tsaye a ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa. Ya sa kowannenmu ya kwanta a wuri marar zurfi ya nuna masa ya gane, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana jan kafaɗar rigar ruwan sama, wanda tasa ta zame har kunne ya sake ɗaure masa.

Minti goma da shigarmu na karya dokar. Ruwan ya fisge ni a wata 'yar gangara, na hango ƙasa kusa, sai ɗabi'ar yaro ɗan bakin kogi ta motsa, na sauke ƙafa zan tsaya. Ƙafar hagu ta shige tsakanin duwatsu biyu ta cije, ruwan da ke tafe ta bayana ya danna ni ya kifa fuskata ƙasa, a wurin da zurfinsa bai kai ƙuguna ba. Ban san daƙiƙa nawa aka yi ba, na dai ji an damƙi rigar ta baya an ja ni zuwa inda ruwan ya fito, ƙafar ta fita. Jagoran ya riga ya tsaya a daidai wannan wurin tun kafin mu iso, domin ya san a nan ne masu ganin sun iya ruwa suke sauke ƙafa. Bai yi mini faɗa ba. Ya nuna mini yatsun ƙafarsa, ya nuna sama, ya wuce wurin na bayana.

Ranar na fahimci cewa iya ninkaya daban, sanin wannan kogin daban. A shekarun da na yi ina wanka a kogin garinmu babu wanda ya taɓa gaya mini cewa ruwa mai gudu yana iya kashe namiji ƙato a zurfin ƙugu, ko cewa ruwan da ya yi farar kumfa a ƙarƙashin gangara ba ya ɗaga jiki kamar sauran ruwa saboda iskar da ta cakuɗe da shi, ko cewa ruwa mai tsananin sanyi yana sa mutum ya ja numfashi ba da sonsa ba a daƙiƙun farko, wanda idan kansa yana ciki a lokacin ruwa zai zuƙa. Waɗannan abubuwa ba sa buƙatar digiri, amma sai an samu wanda ya sani ya faɗa.

Haka abin ya kasance a wurin tsalle. Kafin kowa ya hau dutsen, jagoran ya sa gilashin ido ya nutse ya dudduba ƙasan gurbin, duk da cewa kullum yana wurin. Na tambaye shi dalili, ya ce kowace ambaliya takan mirgino dutse ko gungumen itace, gurbin da yake da zurfi makon jiya yana iya kwana da dutse a cikinsa. Mai tsalle daga tsayin mita 5 yana isa ruwa da gudun kusan kilomita 36 a awa, daga mita 10 kuwa kusan 50, wato gudun babur a cikin gari. Shi ya sa ake shiga da ƙafa, jiki a miƙe, hannuwa a ƙirji, ba a taɓa shiga da ka. Namu tsallen bai wuce mita uku zuwa huɗu ba, amma daga sama gani na yi kamar daga rufin bene nake leƙe.

"Kada ku jefa kanku ga halaka"

Hujjar farko da aka kawo mini ta addini ce, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta da girmamawa. Aya ta 195 a suratul Baƙara ta hana mu jefa kanmu ga halaka da hannuwanmu, rai kuma amana ne, mutum ba shi da ikon wasa da shi. Ni ba malami ba ne, ba fatawa nake bayarwa ba. Amma abin da na taso ina ji daga malamanmu shi ne, ana auna abu da abin da ya fi rinjaye a cikinsa: idan kuɓuta ce ta fi rinjaye, kuma an bi sabubban kariya, ba a kiransa jefa kai ga halaka, in ba haka ba da hawa doki da tuƙin mota da haƙar rijiya duk sun haramta. An kuma ruwaito daga Sayyidina Umar cewa a koya wa yara ninkaya da harbi da hawan doki, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da ba a jin rauni wurin koyonsa.

Idan da wannan ma'aunin za a auna, to tambaya ta koma kanmu. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da suke hanyar zuwa Maulidi. A watan Mayun wannan shekarar wani jirgin da ya ɗauki mutum sama da 150 ya nutse a kogin Neja kusa da Warrah a jihar Kebbi, tsirarru ne suka fita da rai. A watan Yunin 2023 sama da mutum 100 da suke dawowa daga ɗaurin aure suka halaka a yankin Patigi na jihar Kwara. Kowane lokaci bayanin iri ɗaya ne: lodi ya wuce ƙima, jirgi ya tsufa, babu rigar ruwa. Kowane lokaci kuma sai mu ce kwana ne ya ƙare, mu yi addu'a, mu koma cikin jirgi na gaba yadda muka shiga na baya.

Kwana ya ƙare gaskiya ne, babu mai jayayya da ƙaddara. Amma wanda ya zo ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, amsar da ya samu ita ce ya ɗaure ta sannan ya dogara. Rigar ruwa ɗaurin raƙuma ce. Abin mamaki ne a ce wanda ya ɗaure tasa da igiya uku kafin ya shiga ruwa shi ne mai ganganci, wanda ya saki tasa da yara ashirin a kai shi ne mai tawakkali.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da nauyi: shi kawu lalura ce take sa shi shiga jirgi, babu gada, kasuwa kuma tana tsallake, ni kuwa marmari ne ya kai ni. Na yarda. Sai dai lalura tana halatta tsallaka gulbi ne kawai, ba ta hana ɗaura rigar ruwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta sha nanata cewa babu shiga jirgi sai da rigar, babu kuma tafiyar dare, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a mashiga ya san yadda ake yi: inda aka raba rigunan ma sukan zama matashin kai ga masu fito, fasinjan da ya nemi a ba shi guda kuwa dariya za a yi masa, a ce malam tsoron mutuwa yake ji.

Ai da jagoran ma ana mutuwa

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma babu wanda ya kawo ta a zaurenmu, ni ne zan kawo wa kaina. A ranar 27 ga Yuli, 1999, a wani kwazazzabo da ake kira Saksetenbak kusa da garin Intalaken a ƙasar Suwizalan, wani kamfanin yawon buɗe ido ya shiga ruwa da matasa 'yan ƙasashe daban-daban, kowa da hularsa da rigarsa da jagoransa, daidai irin shirin da aka yi mana. Hadari ya haɗu a kan duwatsun da ke sama, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a can, yayin da su suke ƙasa cikin siririn kwazazzabo. Ambaliya ta gangaro musu da duwatsu da itatuwa. Mutum 21 suka mutu, 18 baƙi, uku kuma jagorori. A shekarar 2001 kotu ta samu mutum shida daga shugabanni da manyan ma'aikatan kamfanin da laifin kisa ta hanyar sakaci.

Ba a can kaɗai ba. A watan Afrilun 2008 ɗalibai shida da malaminsu suka rasu a kwazazzabon Mangatepopo na ƙasar Niyuzilan bayan ruwan sama mai yawa ya cika rafin. A Italiya kanta, ranar 20 ga Agusta, 2018, ambaliya ta kashe mutum goma a kwazazzabon Raganello na yankin Kalabiriya, har da jagora guda, a ranar da hukumomi suka riga suka fitar da gargaɗin yanayi.

Duk wanda ya duba waɗannan ukun zai ga abu ɗaya: ba tsallen wasa ne ya jawo musibar ba. Ruwan da ya faɗi a wani wuri, nesa da inda suke, shi ne ya same su a rami mai bango biyu inda babu wurin gudu. A irin wannan kwazazzabo rana tana iya kasancewa tana haskawa a kanka alhali mutuwa ta riga ta taso daga kilomita goma a sama. Alamominta sanannu ne ga masu sana'ar: ruwa ya fara jirkicewa ya yi ja, ganyaye da ƙirare su fara wucewa, a ji wani ruri daga sama kamar babbar mota tana tafe. Amma lokacin da aka ga waɗannan, sau da yawa an makara. Shawarar da take ceton rai tun da safe ake yanke ta, a bakin ruwa, kafin kowa ya jiƙe.

A nan ne kuɗi yake shigowa, kuma a nan ne nake ganin ainihin hatsarin yake. A ce mota ta sauke mutum arba'in, kowa ya biya, wasu gobe za su bar ƙasar, sama ta ɗan yi duhu ta gabas amma ba a fara yayyafi ba. Jagoran yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, aikin na watanni ne, idan ba a shiga ruwa ba ba a biyansa, mai kamfani kuma yana kan waya. Wa zai ce a'a? Kayan kariya kowa yana iya saye a kanti, takardar shaida ma ana rataye ta a bango, amma ƙarfin halin mayar da mutum arba'in gida ba tare da sun taɓa ruwa ba, da tsarin da zai hana a kori wanda ya yi hakan, su ne suke raba jagora da ɗan rakiya. Duk wanda zai gwada wannan wasa, a Sisili ne ko a Turkiyya ko Malesiya ko Indonesiya inda ɗalibanmu suke da yawa, tambayar da ya kamata ya fara yi ita ce yaushe rabon da su soke tafiya saboda hadari. Idan aka ce masa ba su taɓa sokewa ba, ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Akwai wani abu kuma da ban ji daɗinsa ba ko a tafiyar tamu. Kamfanin yana da mai ɗaukar hoto da yake sayar wa baƙi hotunansu daga baya, kuma hoton tsalle ya fi tsada a idon mai saye. Wata baiwar Allah a cikinmu ta hau dutsen, ta leƙa, gwiwoyinta suka kama rawa, ta ce ta fasa. Mai hoton ya fara ƙirga ɗaya, biyu, uku da ƙarfi, sauran jama'a suka kama tafi suna kiran ta, ni ma, Allah Ya yafe mini, na taya. Jagoran ne ya busa usur, kowa ya yi tsit, ya hau ya riƙo hannunta ya sauko da ita ta gefen dutse. Daga baya ya ce mana wanda ya yi tsalle da rabin zuciya shi ne yake juyawa a iska ya faɗi da baya ko da fuska. Da a ce shi ma yana da kaso a kuɗin hoton, ban san ko zai busa usur ɗin ba.

Wai ba al'adarmu ba ce

Wannan ce hujjar da ta fi ba ni dariya. Wanda ya taɓa zuwa Argungu lokacin bikin kamun kifi ya ga masunta sun kwanta da ciki a kan manyan goruna, suna tafe a kan ruwan Matan Fada da homa a hannu, gora tana ɗaga su, jikinsu yana tuƙi. Idan wannan ba bin ruwa da jiki ba ne, ban san mene ne ba. A wasannin kabanci na bikin akwai tseren ninkaya da tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu, duk don nishaɗi da nuna bajinta. Tun 1934 ake wannan biki a sigarsa ta yanzu, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Abin da ya fi muhimmanci ma, muna da jagoran tun kafin Turawa su sa masa hular kwano. Sarkin Ruwa a Argungu shi ne mai kula da kogin, kuma dubban masunta sukan tsaya cirko-cirko a gaɓa, babu mai sa ƙafa a ruwa sai an ba da izini. Sarkawan ƙasar Yawuri da na Kabi sun gaji sanin gulbi kaka da kakanni: inda yake juyawa kamar ana dama fura, inda yashi yake zaftarewa, watan da ba a ketare shi. Kakanninmu sun gane cewa ruwa yana buƙatar mutum guda wanda idan ya ce a'a an gama magana, har suka naɗa masa rawani don kada a raina shi.

Mu ne muka yar da wannan. Yaran birni yanzu suna zuwa Tiga ko Gurara ranar Sallah cikin motar haya, da lemo da waya, su tuɓe su faɗa ruwan da ba su san ƙasansa ba, babu mai tsaron su, babu igiya, babu ko mutum ɗaya a gaɓa da ya san yadda ake farfaɗo da wanda ya sha ruwa. A cikin Kano, duk damina 'yan kwana-kwana suna cikin tsamo gawar yara daga kududdufai. Ni kaina ina aji biyar na firamare muka tafi wanka mu shida muka dawo mu biyar, kuma abin da manya suka yi bayan jana'iza shi ne suka zane mu, suka ce kada a sake ganinmu a bakin kogi. Bayan mako biyu mun koma, a ɓoye wannan karon, wanda ya fi na da hatsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, yara da matasa ne kaso mai yawa, kuma daga cikin magungunan da take ba da shawara akwai koya wa yara iyo da dabarun ceto. Hani da bulala bai taɓa raba yaro da kogi ba, ya dai raba shi da babban da zai koya masa.

Maganar ƙoshi

A nan ba ni da doguwar kariya. Abin da na biya ya kusa kuɗin buhun shinkafa a gida, kuma na biya shi ne a tsibirin da 'yan'uwanmu 'yan Afirka suke mutuwa a teku wurin neman isa gare shi, wasunsu ta Agadas suka bi. A watan Afrilun 2015 wani jirgin baƙin haure ya nutse tsakanin Libiya da Italiya da ɗaruruwan mutane a cikinsa, 28 kacal suka tsira, kuma tashar jirgin ruwan Kataniya aka kawo su, wadda nake wucewa ta gabanta kullum. Ba zan ce wannan bai zo mini a rai ba sa'ad da ake ɗaure mini rigar da da yawansu ba su samu ba. Ƙanwata tana da gaskiyarta. Iyakar abin da zan ce shi ne, mun saba kashe ninkin wannan kuɗi a kan anko da liƙi a wurin biki ba tare da kowa ya kira shi ƙoshi ba, ni kuma aƙalla na dawo da abin da na koya wa 'ya'yana a hutun da ya biyo baya: yadda ake kwanciya a ruwa, da dalilin da ya sa ba a faɗa wa wanda yake nutsewa da jiki, sai dai a miƙa masa sanda ko a jefa masa jarka.

Wata ƙanwar kuma ta yi tambayar sutura, ko mace za ta iya. Rigar robar tana rufe jiki daga wuya zuwa ƙafa amma tana fitar da sura, don haka matan da abin ya dama sukan ɗora doguwar riga marar nauyi a kanta kafin rigar ruwan, su sa ɗan ƙaramin hijabi a ƙarƙashin hular. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mayafi mai yawo, domin yana iya sarƙewa a dutse.

Bayan kwana biyu na tattara ƙarfin hali na aika wa kawu dogon saƙon murya, na ba shi labarin ƙafata da ta maƙale, da mutumin da ya nutse ya duba gurbi kafin mu yi tsalle, da mutanen Suwizalan. Ban ambaci kwalekwalensa ba, don ban isa ba. Ya saurara, sai washegari da asuba amsarsa ta shigo, gajeriya: "Ɗana, na ji. To shi wannan mai usur ɗin, in ya ce yau ba a shiga, ana mayar wa mutum da kuɗinsa?"

Na tashi na binciko takardar da na sa wa hannu a bakin ruwan, tana ninke a aljihun jakata, tawadar ta ɗan baje saboda laima. Amsar tana nan a shafi na biyu da ƙananan haruffa: idan jagora ya soke tafiya saboda yanayi, ana mayar da kuɗi gaba ɗaya ko a sauya rana. Sai a lokacin na karanta ta, mako guda bayan na riga na yi tsallen.